Ƙanwata da Keji na Tara

Shekara talatin da ɗaya ƙanwata ta yi tana wanke kejin ɓeraye a ɗakin binciken ciwon ƙoda. Dangi suka laƙaba mata Uwar Ɓeraye. Ran da wanmu ya tsokane ta da sunan, cewa ta yi, "To Yaya, nawa 'ya'yan dai ba sa zaman kashe wando a bakin titi." Bai ƙara ba.

Aikin ba na ado ba ne. Ta kwashe dusar katakon da fitsari ya jiƙa, ta zuba sabuwa, ta cika kwalaben ruwa, ta ɗora kowane ɓera a sikeli.

Saura wata takwas ta yi ritaya aka kawo sabon likita, sa'an ɗanta. Ya leƙa keji na tara, ya toshe hanci. Ya ce zarnin ɓerayen ya yi yawa, haihuwarsu kaɗan, ta kashe su kafin Alhamis, domin ya aika ƙasar waje a kawo ɓeraye masu ciwon ƙoda na gado, kuma wuri yake so.

Ta ce ba za ta yi ba.

"Mama, ba shawara na nema ba. Ko ki yi, ko ki ajiye makulli."

"Likita, kwalbar ruwan kowane keji kwana uku take yi. Ta waɗannan kafin la'asar ta ƙare. Haka uwarsu, haka kakarsu, ni na raine su. Wannan ƙishirwar ta ciwon ƙoda ce. Abin da ka aika nema ƙetare, shi kake so in kashe maka a gida."

Ya rubuta mata takardar gargaɗi. Na ce ta bi a hankali, wata takwas ba wasa ba. Ta ce in sha ruwa in huta.

Ran Alhamis ta jawo kujera ta zauna a gaban kejin, ta harɗe hannu. Don ya rufe mata baki kafin ya kore ta, ya feɗe guda ɗaya a gaban ma'aikata. Ƙodojin sun kumbura, duk ƙuraje cike da ruwa. Ya feɗe na biyu. Haka.

Bai ba ta haƙuri ba, bai janye takardar ba, ita ma ba ta roƙa ba. Ɓerayen dai suka zauna, ta cika wata takwas ɗinta cif.

A makonta na ƙarshe likitan ya zo da biro da littafi, wai ta gaya masa yadda take gane mara lafiya. Ta miƙa masa safar hannu da tsintsiya.

"Ajiye biron nan, ɗana. Fara da keji na ɗaya."