Tatsuniyar da Kaka Mairo ba ta rufe ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tura jirgin ruwa daga Yelwa aka bugo mini waya, wai Kaka Mairo ta rasu.

Maƙwabciyarmu ce a ƙauyenmu kusa da Warra, mai bandar kifi. A tsibiri aka haife ta, kafin ruwan dam ya cinye garinsu.

Lokacin da aka ba mu jihar Kebbi muna yara, gindin murhunta muke taruwa. Kowa da kan kifinsa. Ni tana ƙara mini wutsiya, ta ce, "Ci, mijin banza, ko ka yi ƙwari."

Akwai tatsuniyarta guda. Zaki ya so fitilar da ba ta mutuwa, aka ce sai an tare kogi. Aka tare. Ruwa ya ci gidan zomo, ya ci rumbun kurege, ya ci kushewar iyayensu. Zaki ya ce su yi haƙuri, hasken na kowa ne. Da aka kunna fitilar sai aka rataye ta can nesa. Igiyarta kawai suke gani tana wucewa bisa kansu.

Nan take tsayawa. Ba ta taɓa cewa ƙurunƙus ba.

Mu yi ta ihu, "Kaka, rufe mana!"

Ta ce, "Mi zan rufe? Zomo bai samu haskenai ba."

Sai da na girma, ina biyan mai janareto ya yi mini cajin waya, na gane waye zomon.

Ba ta zagi kowa ba. Ta dai koya mana tambaya: wa ya yi asara, wa ya sha haske?

Ganinmu na ƙarshe, na ɗauko ta daga asibiti a jirgi. Tsakiyar ruwa ta ce in kashe inji. Ta nuna ƙasa da sandarta.

"Tsamiyarmu tana nan. Innata tana gefenta."

Ta juyo. "Ranar da wuta ta shigo garinmu, ka tara yara ka ce ƙurunƙus a madadina. Kafin nan kar ka kuskura."

An ce da tocila aka yi mata wanka.

Kaka, zan ci gaba da ba yara tatsuniyar, a buɗe.

Allah Ya haskaka kabarinki. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a.