Duwatsun da Suka Riga Inna Hawa Mota

Shekarun baya, tun Turawa ba su tafi ba, ina tuƙa wata tsohuwar akori-kura ta kawuna, ina jigilar gyaɗa daga Bebeji zuwa Kano. Wata rana aksul ɗin baya, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ya tsage. Abokina, makaniki a Kwanar Dangora, ya yi masa walda, ya ce in kwantar da hankalina.

Ni kuwa mutum ne da kan kulle ƙofa, ya yi nisa, ya dawo ya sake taɓa kwaɗon. Ga shi a makon ƙanwata ta haihu a Doguwa, ni zan kwashi mahaifiyata da matan gidanmu zuwa suna. Ƙarshen damina ne, hanya duk gargada da zaizaya, ga hawa. Duk inda na zauna sai in ga taya ta fice, Inna tana baya.

Sai na ce duwatsu su fara hawa kafin mutane. Na loda daidai nauyin matan, na ƙara na tukwane da kayan barka, na sake ƙarawa saboda zuciyata ba ta yarda ba.

Abokina ya leƙa ya ce, "Kai dai Allah ya yaye maka. Suna za ka ko ginin gada?"

Na ce, "Aikinka ne, shigo mu je tare."

Muka wuce Tudun Wada. Ba na kauce wa rami, da gangan nake faɗawa. Jim kaɗan in tsaya, in shiga ƙarƙashi, in ɗora bayan hannuna a kan waldar in ji zafinta, in watsa mata ƙasa in ga ko mai zai tsatso. Shi kuwa yana ta dariya yana cin rake.

Mun haye wani rafi mun kama hawa, sai muka ji ƙas! Bayan motar ya durƙushe, duwatsun suka zube gefen hagu, inda Inna ke son zama don ta jingina.

Abokina ya daɗe a tsugune yana duba aksul ɗin. Can ya ce, "Wallahi da mata ka ɗauko da sun isa lafiya. Dutsenka ne ya karya shi."

Na ce, "Wataƙila."

A kan jakuna matan suka tafi, suka tarar an cinye ragon. Da Inna ta dawo ta ce, "Ɗan nan, ka kai duwatsu yawo, ka bar uwarka a kan jaki." Kawuna kuwa sai da sabon aksul ya iso daga Kano ya sake amsa gaisuwata.

Har yau ban san wa ke da gaskiya ba, ni ko abokina. Mai yiwuwa tsorona ne ya karya ƙarfen da zai iya aikinsa. Na tsufa da wannan tambayar, kuma ba ta yi mini nauyi ba. Duwatsun suna nan a gefen hanya inda muka zubar da su. In na wuce nakan dube su. Babu wanda aka yi wa wanka aka sallata a cikinsu.