Kujerar Sakkwato ta kama hagu

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau! Kujerar gefen babur da na saya a Sakkwato ba tare da na gan ta ba, ta iso. Don ɗauko Inna daga Bambeye zuwa wurin likita a Tawa na saye ta. Makaniki ya juya ta, ya ce: "Malam, hagu take kamawa, mu kuwa dama muke bi!" Na ce ɗaura haka, Inna na jira!

Muna dawowa, Inna na cikin kujerar, sai babbar mota ta wuce dab da kunnenta. Ta ce: "Tsaya, ɗan nan! Ni ka miƙa wa motoci, kai ka laɓe?"

A kan jaki ta shiga Tawa, ina binta da kujera wayam.