Yadda Sikelin Likita Ya Cinye Ragon Maigida

Sau ɗaya tak na taɓa yin ƙiba a rayuwata, ita ma gwamnati ce ta jawo.

Lokacin ina saurayi, ina dakon goro a Zangon Kumasi, ina kwana a zauren wani dattijo mai saukar fatake. Karatuna bai wuce ƙananan surori ba, su ma malam ya ce in tsaya haka kada in ji musu ciwo. Jikina kuwa, in na tuɓe riga har iska tausayina take ji. Cimar gidan ba ta canzawa: koko da safe, dafaffen rogo ko gwaza da barkono da rana, da yamma tuwon masara da miyar da nama kan faɗa cikinta bisa kuskure ran Juma'a. Ba mai ƙorafi, domin kowane gida haka yake ci.

Maigida na da farin rago da yake kiwo don layya. Shi da kansa yake ba shi dusa da ɓawon ayaba, yana yi masa wanka da sabulun da mu ba ma samu. Akwai wani maƙwabci, shi ma mai saukar fatake, wanda duk shekara ragonsa ke fin namu girma. Maigida ya ci alwashin bana sai an zo kallo gidansa.

Ana nan sai aka aiko daga wurin sarkin Zango cewa likitan gwamnati zai bi gidaje ya ga abin da mutane ke ci, wai haka ake yi a ƙasar duka, tun daga bakin teku. Gidanmu na cikin waɗanda aka zaɓa. Mun saba da duba-gari masu leƙa randa, amma mai leƙa tukunya ba mu taɓa ji ba.

Likitan ya zo, Bature dogo mai jan wuya, da tafintansa, wani Ba'asante da ya iya Hausa sosai. Ba zan ɗora wa tafinta laifi ba. Ya faɗa ƙarara cewa kada a canza komai, a dafa abin da aka saba, likita zai riƙa zuwa da azahar yana aunawa har mako guda. Maigida ya ce to, madalla. Suna fita ya sa aka kama zakara.

Uwargida ta tuna masa cewa mutumin ya ce kada a canza komai.

Ya ce, "Ke ma dai. Wane baƙo ne ya taɓa cewa a yanka masa kaza? Kowa haka yake faɗa."

Ya ƙara da cewa tun yana da baƙin gemu yake saukar baƙi, bai taɓa ajiye wa ɗayansu rogo ba, ba kuwa zai fara da wanda zai rubuta ya kai ƙetaren teku ba.

Washegari likita ya rataye sikelinsa a reshen mangwaro. Ya auna tuwo, ya auna miya, ya tsamo naman ya auna shi daban. Sannan ya koma kan mutane, ana zaunar da mu cikin buhu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina sai ya dubi allurar sikelin, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya sake duba. Ya ja fatar idona, ya sa na zaro harshe. Tafinta ya ce likita zai sa mini ido na musamman.

Da suka tafi maigida ya kira ni. "A zaurena kake kwana, ka rasa ranar ramewa sai yau?"

Na ce, "Baba, haka na zo duniya."

Daga ranar ya hana ni dako. Aikina ci. Likita ba ya ko ɗanɗana abincin, sai ya auna, ya sunsuna, ya rubuta, ya tafi, kwanon ya dawo gabana. Kaji suka ƙare aka shiga zabi. Zabi suka ƙare aka kayar da akuyar uwargida, ita kuwa uwargida ta daina yi wa kowa magana. Maƙwabta suka fara tunawa da zumunci daidai azahar. Ni kuwa kumatu suka fito mini, wuyana ya fara naɗi, har wata mai sayar da ƙosai da ba ta taɓa amsa gaisuwata ba ta tambaye ni ko ni baƙo ne.

Ƙarshen mako aka sake sa ni a buhu. Allura ta motsa. Likita ya yi murna ƙwarai, ya ce gidan nan ya ba shi mamaki, zai ƙara mako guda. Na yi hamdala da ƙarfin da ya fi yadda na yi niyya.

Da safe babu sauran mai ƙafa a gidan sai mu da rago. Uwargida ta ɗora rogo, ta ce yau kam baƙo zai ga abin da ya zo gani. Maigida ya je ya zauna kusa da turke, ya daɗe yana sosa wa ragon wuya. Can ya ɗago ya dube ni.

"Kai da kake kusa da likita, in an kawo rogo, kana ganin zai rubuta?"

Na ce, "Ni dai Baba, ko tari aka yi na ga yana rubutawa."

Gaskiya na faɗa. Ya ce a kawo wuƙa.

Ragon ya kai mu har ranar ƙarshe, da soyayye da romo da kai da ƙafa. A ranar likita ya tara mu ƙarƙashin mangwaro ya yi dogon jawabi, tafinta na juyawa. Wai duk yawonsa bai ga gidan da ake cin nama haka ba, kuma wannan illa ce, musamman ga mai shekarun maigida. Ya ba da shawara a sassauta, a riƙa haɗawa da wake da ganye, da ɗan rogo ko gwaza lokaci-lokaci. Uwargida ta roƙi tafinta daga bayan zana ya maimaita wajen rogon, wai kunnenta bai kama ba.

Sallah ta zo turke ba kowa. Maƙwabci ya kayar da ragonsa a ƙofar gida inda kowa zai gani. Maigida ya sa babbar rigarsa ya zauna a zaure, duk wanda ya shigo barka da Sallah ya waiga wajen turken, sai ya tare shi da cewa likitan gwamnati da kansa ya hana shi nama, a rubuce yake. Wani malami ya fara cewa ai layya ba don cikin mai yi ake yin ta ba, maigida ya miƙa masa goro tun bai kai ƙarshe ba.

Da la'asar maƙwabci ya aiko da cinya guda, da saƙon a yi wa mara lafiya romo. Maigida ya ce a gaya masa an gode, za a ba yara. Uwargida ta dafa ta kai masa ɗaki, ya ce a ja masa ƙofa.