Malam Maharazu da Ƙwaryar da Ta Fashe

Duk mai sammako a Jibiya ya san ƙarar keken Malam Maharazu. Ƙararrawar ta daɗe da mutuwa, sarƙar ce ke kuka tun daga hanyar Bugaje har ƙofar firamare. Yakan tsaya wajen Hajo mai ƙosai ya yi mata ƙorafin ƙosan ya ƙanƙance, ita kuma ta ce idonsa ne ya tsufa. Daga nan ya ratsa layin manyan motocin da ke jiran a ɗaga shingen kwastan su tsallaka Maraɗi. Rabin direbobin da masu tsaron shingen ta hannunsa suka bi, gaisuwa kaɗai ta isa ta makarar da mutum. Duk da haka ban taɓa riga shi shiga aji ba, ni da gidana ke bayan makarantar.

Ƙarshen zangon nan zai ajiye alli. Tun da arzikin mai ya ɓarke, malamai suke ta sulalewa, wannan ya koma kwastan, wancan ya zama ɗan kwangila. Shi yana nan da taswirarsa mai faci. Amma ba don zaman na ɗauki alƙalami ba, sai don wani abu da ya yi a tashar mota, ina tsaye ina kallo.

Tun kafin in fara koyarwa, Malam yana da wani ɗalibi, Uwaisu. Mahaifinsa gyartai ne, mai ɗinke ƙwaryar da ta fashe. Wata rana a darasin labarin ƙasa yaron ya ƙura wa taswirar duniya ido, ya nuna gaɓar Afirka da ta Amurka ta Kudu, ya ce, "Malam, wagga da waccan ai ƙwarya guda ce ta hwashe. Da babana aka ba, da ya ɗinke ta." Littafin wancan zamani bai yarda ƙasa na gusawa ba, Malam kuma yana ji da littafinsa. Sai ya ce, "To, Gyartan Duniya, zauna. Ƙasa ba ƙwaryar hura ba ce." Aji ya kwashe da dariya. Sunan ya bi yaron har kasuwa, har gaban 'yammata. Bai ƙarasa shekarar ba ya bar makaranta ya bi mota, daga baya ya zama direba.

A 1976, da za a buɗe karatun firamare kyauta ga kowa, aka tura Malam kwas Zariya. Ya dawo ba walwala. Na tambaye shi ko abincin can ne bai karɓe shi ba, ya ce, "Bawa, a can an koya mana ƙasa na gusawa, yaron nan Uwaisu shi ke da gaskiya. Na kore shi da bakina a kan gaskiya."

Abin da ya ƙara hana shi sukuni shi ne Hassana, 'yar Uwaisu. Ta isa shiga makaranta, mai unguwa na bi gida gida yana tattara yara, uban kuwa ya rantse muddin Maharazu na riƙe da alli, ɗiyarsa ba ta taka ƙofar nan. Har ya shirya kai ta wajen dangi a Ɗan Isa, hayin iyaka, inda ba mai zuwa nemanta. Na ba Malam shawarar ya aika a kira shi gida su yi magana a ɓoye. Ya ce a gaban mutane aka yi dariyar, a gaban mutane za a janye ta.

Ranar kasuwa muka je tasha. Uwaisu na ɗaure buhunan gero a motarsa. Malam ya ari wata fasasshiyar ƙwarya wajen mai fura, ya je gaban Uwaisu, wanda a shekaru bai wuce ɗan cikinsa ba, ya tsuguna. Mutanen tasha suka taru suna kallo.

"Uwaisu, gyara na zo yi. Abin da ka hwaɗi ran nan a aji, haka yake."

Uwaisu bai saki igiyar ba. "Wane aji, Malam?"

"Ka sani."

Sai Malam ya haɗa ɓarin ƙwaryar biyu, ya fara darasin da ya makara. Ya ce dacewar baki kaɗai ba ta isa hujja ba, gyartai ma sai ya duba ko zanen ya ci gaba daga wannan ɓari zuwa wancan. Masana sun duba. Duwatsun gaɓarmu da na Barazil iri ɗaya ne, shekarunsu ɗaya. An tono ƙasusuwan wata ƙaramar dabba mai kama da ƙadangare a kudancin Afirka da kuma can hayin, alhali ba ta da ƙarfin iyon da zai ƙetarar da ita teku. A tsakiyar tekun kuma akwai wani dogon tudu mai tsaga, inda narkakken dutse ke fitowa yana daskarewa. Dutsen da ke bakin tsagar sabo ne, kana nisa da ita yana ƙara tsufa, dama da hagu daidai wa daida.

Wani jami'in duwan, wato kwastan ɗin Nijar, da ya tsallako cefane ya kira shi yadda suke kiran malamin makaranta a can, ya ce, "To, mushe, mi ke tura ta?"

Malam ya nuna tukunyar kunun da ke kan murhu a gefe. Ya ce cikin ƙasa zafi ne, mai zafin yana tasowa, mai sanyin yana nutsewa, ɓawon da muke zaune a kai kuma faifai-faifai ne a bisansa. Inda gefen faifai ya tsufa ya yi nauyi, sai ya nutse ya ja sauran, kamar jiƙaƙƙen zane da ke zamewa daga kan katanga. Tafiyar ba ta wuce tsiron farce ba, shi ya sa ba mai jin ta. Ya ce man nan ma da ake ta shagalinsa, a bakin tsohuwar tsagar ya taru.

Uwaisu ya dube shi ya ce, "Sai yanzu, Malam? Bayan na yi gemu?"

"Yanzu na sani. Da jiya na sani, da jiya na zo. Ka yahe mani. In ba ka iyawa, kada ka rama a kan Hassana."

Uwaisu ya ƙarasa ɗaurin buhunansa. Ya hau mota, aka ɗaga masa shinge, ya yi Maraɗi. Ranar na tausaya wa Malam ƙwarai. Aka yi ta tsegumi a gari cewa ya zubar da girmansa gaban 'yan tasha, har wasu suka fara gaishe shi da "Malam, yau ina ƙasa ta nufa?" Yakan yi dariya ya ce tana nan tafe da su duka.

Ranar ɗaukar yara muna ƙarƙashin bishiyar darbejiya, kowane yaro na ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunnensa don a ga ko ya isa. Malam na ta waiwayen hanya, yana cewa wai wuyansa ke ciwo. Layi ya kusa ƙarewa muka ji ƙugin babbar mota. Uwaisu ya sauko da yarinya a kafaɗa. Ta miƙa hannu, da ƙyar da karkata kai ta taɓo kunnen.

"Ga ta, Malam. Sai dai hwa ta hi ni yawan magana."

Malam ya ce, "In ta hwaɗi abin da ban sani ba, sai in ce ta ba ni lokaci in bincika." Sai ya juya yana neman allin da ke hannunsa.

Malam Maharazu na Bugaje, mai keke mai kuka. Kai ne ka nuna mini malami na iya cewa "na yi kuskure" ya tashi da girmansa. Kai ne ka bi ɗalibi da gyara har tasha bayan ya yi iyali. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Mu da muka rage da alli a hannu, kowannenmu yana da wani yaro da ya taɓa gwalewa. Mu neme shi tun yana jin kira.

Hassana tana aji uku, kuma ubanta bai yi ƙarya ba, ba ta barin kowa ya sha ruwa da tambaya. In kuma hanya ta biyo da kai Jibiya, ka duba layin motocin da ke bakin shinge. Akwai wata koriya mai bodin katako. A goshinta, da manyan baƙaƙen da mai ita ya sa aka rubuta, za ka ga: GYARTAN DUNIYA.