Abin da Hular Malam Uwaisu ta Rufe

Malam Uwaisu tela ne a kasuwar Kiyawa. Shekara talatin da ɗaya yana taka keke, aikin wuyan riga ne gwanintarsa, kuma ban da matarsa da wanzaminsa ba wanda ya taɓa ganin kansa ba hula. Dattijo ba ya yawo kai buɗe kamar ɗan ƙwallo.

Shi ya sa da ƙululu mai tauri ya fito masa a saman goshi ta hagu, sai ya sayi hula mai faɗi. Ciwon kai ne ya kai shi wani ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar wurin, Murja, mace ce mai tarbiyya. Ta rusuna ta gaishe shi, ta ɗebi jini, ta ce zazzaɓin sauro ne. Sau tara ya je cikin shekara biyu, sau tara aka yi masa ladabi. Ba a samu mara kunya ko ɗaya da zai ce Baba cire hula ba.

Wanzaminsa Marwa ne ya gaji. Ran nan ya ajiye aska.

"Malam, bara kamar goro yake, yau ya kai ƙwan zabuwa. Ni ba na tsaga ƙashi. Ka nuna wa 'yan asibitin kuwa?"

"Ba su tambaya ba."

"Kai kuma bakinka aro ne? Ina kallonka jiya kana neman kafar allura kamar mai duban wata."

Wannan ta shige shi, don idon hagu ya daɗe yana yi masa hazo.

A Dutse aka ɗauki hoton kan, aka tura shi Kano. Likita ya ce ƙari ne a ƙashin kai, irin wanda ba a cika gani ba, kuma ya ci ta ciki har ya danne jijiyar ido. Sannan ya tambaya cikin girmamawa, "Baba, me ya sa sai yanzu?"

Malam Uwaisu ya nemi wanda zai zaga. Ya duba, ya ga kowa ya kyauta masa, har shi kansa.

An yi aiki, an cire ƙarin. Idon bai dawo ba. Yanzu labule da zanen gado yake ɗinkawa, wuyan riga ya koma shagon maƙwabci. Masu zuwa sannu kan ce Allah ya sa kaffara ne. Yakan ce amin, ya taka keken da ƙarfin da ke karya allura.