Kiyashi Uku a Ƙoƙon Madara

Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, don haka da cikina ya shiga wata bakwai aka kwaso ni daga ɗakin mijina a Gyallesu aka maido ni gidanmu a Tudun Wadan Zariya. Lokacin unguwar ba ta cika ba. Gidaje ne jefi-jefi, yawancinsu na ma'aikatan En'e, hukumar gargajiya ta wancan zamani, irin babana, ga gonakin dawa har gindin katangarmu. Na haifi 'ya mace da hantsi, wata ranar Laraba, na sauka lafiya. Wahalar a gaba take.

Bari in tsaya in yi bayanin wani abu, don jikokina in na faɗa musu dariya suke yi, wai mun wahalar da kanmu a banza. A zamaninmu ɗan fari abin kunya ne. Uwa ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta kama sunansa, in yana tsala kuka sai ta kau da kai har wata babba ta ce mata ta ɗauke shi. Wadda ta nuna ta damu da ɗanta na fari ta shiga bakin mata ke nan har tsufanta. Abin da ya ƙara ɗaure ni kuwa, ni ma 'yar fari ce a wurin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Saboda haka ba ta da ta cewa a kan jegona, komai ya koma hannun Goggo, yayar babana.

Goggo ba muguwa ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Ita ta goye ni, kuma rabin matan unguwar ita ta yi musu wankan jego. Sai dai mace ce da ba a yi mata musu, ko babana in tana magana ƙasa yake kallo. Safe da yamma ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen runhu ta yi ta fyaɗa mini har numfashina ya ɗauke, ta ɗura mini kunun kanwa, ta kwantar da ni a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Wannan duk na jure, ai kowace mace ta jure.

Kwana uku na farko ba a ba jaririyar nono ba, don ba a yarda da dakashi ba, wato ruwan nonon nan na fari mai kauri. Ruwan ɗumi kawai ake ɗiga mata. A rana ta huɗu Goggo ta shigo da ɗan ƙoƙo ta ce in tatso. Na tatso. Ta fita tsakar gida ta ɗauko kiyashi guda a bakin tsinke ta jefa shi ciki, ita da wasu tsofaffi biyu na maƙwabta suka sunkuya suna kallo. Gwajin ke nan. In kiyashin ya yi iyo ya fito, nono yana da kyau. In ya mutu, mugun nono ne mai kashe 'ya'ya. Ni ina gefe na juya fuska bango kamar ba da ni ake ba, amma kunnena yana can. Can sai na ji Goggo ta ja salati.

"Ya mutu," in ji ta. "Allah ya rufa asiri da muka gwada. Yarinyar nan ba za ta sha wannan ba sai an wanke shi."

Aka samo akuya mai shayarwa, a tatso a sirka da ruwa a ba jaririya da ɗan ludayi. Ni kuma aka shiga ba ni jiƙon saiwoyi masu ɗacin tsiya, na wankin nono. Nawa nonon in tatse in zubar a toka bayan ɗaki, haka aka umarce ni.

Ban taɓa sanin yini yana da tsawo ba sai a ɗakin nan. Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. In zauna, in tashi, in je bakin asabari in dawo, in sake zama. Ƙirjina ya cika ya yi tauri, zanina kullum a jiƙe, ga yarinya kwance taku biyu daga inda nake tana kuka, ba dama in ɗauka. Aka yi suna, aka ci kauri, mata suka cika gida suna tubarkalla, ba wadda ta ce ta rame. Ni na gani. Da zarar ɗaki ya zama ba kowa sai in yaye zanen in duba ta da sauri kamar ɓarauniya. Fatar cinyarta ta soma tattarewa, maɗigarta ta ɗan lotsa, kukan da yake cika gida ya koma ƙasa-ƙasa irin na ɗan kyanwa. Sau biyu ina kai ta har ƙirjina, sai in tuna kiyashin nan in mayar da ita. In na ba ta ina tsoron in kashe ta da kaina, in na hana ta kuma ga ta tana ƙarewa ina kallo.

A lokacin akwai wata malamar asibiti da ke zagaya gidajen masu jego a Tudun Wada da Tudun Jukun. Asibiti yana nan, amma wace mace ce za ta je? Ma'aikatan maza ne, kuma ba mijin da zai bar matarsa ta keta gari da ɗanyen jiki. Shi ya sa aka ɗauki wannan mata aka koya mata aikin, Bahaushiya ce kamarmu amma Kirista, mai unguwa ke faɗa mata gidan da aka haihu. Har lokacin ban taɓa ganin fuskarta ba, ƙarar takalminta a kan daɓen zaure kaɗai na sani, don ita kaɗai ce mace mai takalmi sau-ciki a duk unguwar. Sau biyu tana sallama a zaurenmu, sau biyu Goggo tana tare ta.

"Mai jego barci take. Jaririya lafiyarta ƙalau, mun gode. A gai da mutan gida."

In ta tafi sai Goggo ta dawo tana mita. "'Yar Mishan da ko ɓari ba ta taɓa yi ba, ita za ta koya mini jego? Ikon Allah!" Ni kuwa ina jin takalmin yana fita, sai in ji kamar in yage asabarin in bi ta a guje.

Ranar kwana goma sha ɗaya da hantsi ina zaune na rasa inda zan sa idona, sai na lura faifan da aka rufe ƙoƙon madarar akuya ya goce. Na miƙa hannu zan gyara. Kiyashi uku na gani a ciki, matattu, suna yawo a saman madarar. Na daɗe ina kallonsu. Ban yi karatu ba a lokacin, amma ni ba sakarya ba ce. Ashe madarar da ake ɗura wa yarinya ita ma tana kashe kiyashi, har uku ma. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. To amma wa zan gaya wa? In buɗe baki in ce Goggo ta yi kuskure, a kan 'yar fari kuma? Na mayar da faifan na rufe, ban tsame su ba.

Da la'asar ɗin ranar Goggo tana bayan gida tana hura wutar ruwan wanka, sai ga sallama a zaure. Inna ce a tsakar gida tana tankaɗe. Na leƙa ta tsakanin asabari. Na ga ta ajiye rariya, ta saci kallon bayan gida, ta miƙe ta nufi zaure da wani irin sauri da ban san tana da shi ba. Ba ta ce 'yata ba, ba ta ce jikata ba.

"Malama, shigo," in ji ta. "Akwai wata mai jego a ɗakin can na kudu, ko za ki duba musu."

Ta koma kan tankaɗenta ba ta ko ɗaga kai ba.

Malamar ta shigo, doguwa ce baƙa, da farar riga da ɗan akwati a hannu, ba ta girme ni da yawa ba. Ta yi mini barka, ta durƙusa ta yaye zanen jaririyar, ta shafa maɗigarta, ta ɗan ja fatar cikinta ta saki. Na ga fuskarta ta canja.

"Ƙanwata, tana kama nono kuwa?"

Na dubi bango.

"Sau nawa take jiƙa zani a yini?"

Wallahi amsar tana bakina, na san ta sarai, amma harshena ya ƙi ɗagawa.

"Ta fari ce?"

Na sunkuyar da kai.

"To, na gane," in ji ta a hankali. Ba ta sake tambayata ba.

Ina jin Goggo a baya tana karya itace, na san yanzu za ta shigo. Sai na miƙa ƙafa na tura ƙoƙon madarar da babban yatsana, kaɗan-kaɗan, har ya taɓa gwiwar malamar. Ta ɗaga faifan. Ta dubi ciki, ta dubi jiƙaƙƙen zanin da ke ƙirjina.

"Gwajin kiyashi aka yi miki ke nan," ta ce.

Ba ta rufe baki ba asabari ya ɗaga, ga Goggo da jajayen idanu saboda hayaƙi.

"Ke wa ya shigo da ke?"

Malamar ta gyara durƙuso ta gai da ta kamar 'yar gida. "Ni na shigo da kaina, Goggo, a yi mini afuwa."

Na zaci za ta ɗauki ƙoƙon ta nuna mata, don da ni ce da haka zan yi, har da ƙari. Ba ta yi ba. Matsar da shi kawai ta yi, a buɗe, zuwa inda idon Goggo zai faɗa, ba ta ce komai a kansa ba. Sai ta shiga tambayarta maganin da take ba ni. Goggo da son a san ta iya, ta soma lissafa saiwoyi tana hararta.

"Kwana nawa ke nan tana sha?"

"Yau bakwai."

"Haba Goggo, maganin hannunki har kwana bakwai, ai ko wane irin nono ne ya wanku. Mu a wurin aikinmu jaririn muke ba wa ya gwada da bakinsa. In kin ba da izini, a gabanki za a yi."

Idon Goggo yana kan ƙoƙon. Ta daɗe a tsaye, har na ji ƙarar tafasar ruwa daga bayan gida. Sannan ta sunkuya ta ɗauki faifan ta rufe shi da hannunta.

"Dama gobe nake da niyyar mayar da ita," in ji ta. Ta juyo kaina. "Ke kuma kin zauna kamar gunki. Ɗauki yarinyar mutane ki ba ta mana!"

Abin bai zo da sauƙi ba. Yarinyar ta galabaita, kuma ba ta san nono ba, ludayi ta sani. In an kai mata sai ta kau da kai. Malamar ta zauna a bayana ta tallafe hannuna, ta nuna mini yadda zan riƙe kanta, ta matso 'yan ɗigo a leɓenta, tana sosa mata tafin ƙafa don kada ta yi barci. Aka yi ta fama har wutar wanka ta mutu. Ni na riga na fid da rai, ina cewa a zuciyata an makara. Can sai na ji ta cafke, ta ja, zafin ya ratsa ni har gadon baya. Hawaye suka zubo mini, na kasa tare su. Goggo ta ce hayaƙi ne ya shigo ɗakin, ta fita ta sake hura wuta.

Daga ranar malamar ta yi ta zuwa, da fari kullum, daga baya bayan kwana bibbiyu. Takan sa yarinyar a zani ta rataya a ma'auni, ta duba, ta ce an samu ci gaba. Goggo da kanta ke taro ta a zaure yanzu, tana kuma baza wa maƙwabta cewa maganinta ne ya yi aiki. Malamar ba ta taɓa musa mata ba. Ban sake ganin an kama kiyashi a gidanmu ba, na gidajen wasu kuwa ban sani ba.

Ana jibi zan yi arba'in ta zo ta ce an ɗauke ta daga Zariya, an mayar da ita wani gari can kudu. Goggo ta ba ta goro ta yi ta sa mata albarka. Inna ta aiko mata da ƙwai a ƙwarya, ba ta shigo ba. Tsofaffin nan biyu na maƙwabta suna ɗakin, sun zo ganin yadda jaririya ta yi kumatu. Malamar ta ɗauki akwatinta, ta kai bakin ƙofa ta tsaya.

"To ƙanwata, ni na tafi. Ki riƙe ta da kyau."

Godiya ta cika mini baki. Amma in yi wa mutum godiya a kan 'yar fari, a gaban manya, ai na faɗa wa duniya ke nan cewa 'yata ce kuma ina son ta. Na juya na dubi bango. Ina jin ta a tsaye, ba ta motsa ba, ta ɗan jima. Sannan na ji asabari ya sauka.

Yarinyar ta rayu, ta haifi nata, yau ita ke riƙe hannuna in za ni asibiti. Matar nan kuwa ban sake ganinta ba, ko sunanta ban tambaya ba. Duk wanda na ba labarin sai ya ce kada in damu, ai Bahaushiya ce, ta gane. Na yarda ta gane. Amma ta tsaya a bakin ƙofar nan tana jira, ni kuwa ban juyo ba.